Gashin Ƙaron Roba Mai Jure Zafi: Inda Nagartar Kaya Da Tsadarsu Ke Fitowa

LEGAS — Kaya masu ɗimbin yawa da ake saye da sayarwa kullum a kasuwannin Ladipo da Alaba da ke Legas, da kasuwar Nkwo ta Nnewi, da Sabon Garin Kano, ƙarfinsu ya dogara ne a kan wani irin ƙaron masana'anta da ake kira rezin. Shi ne ke riƙe da garin da aka yi takalmin birki da shi, da shi ake yin jikin soket da makunnan lantarki da yawa, da shi ake yin allon da masu gyaran waya ke kira fanel, haka kuma shi ake jiƙa wayar kwayil ta janareta da taransifoma da shi don kada ta ƙone.

Abin da ba kowane ɗan kasuwa ya sani ba shi ne, nagartar waɗannan kaya ba ta tsaya ga irin ƙaron da aka zuba ba. Yadda aka gasa shi har ya ƙame shi ke yanke hukunci. Masana'antu biyu za su iya sayen ƙaro iri ɗaya daga kamfani ɗaya, ta farko ta ba shi cikakken lokacinsa a tanderu, ta biyu kuwa ta fitar da shi tun bai nuna ba domin ta rage kuɗin wuta. Kayan za su fito launi ɗaya, nauyi ɗaya, cikin kwali iri ɗaya, ba kuwa za a ga bambancinsu ba sai ranar da suka haɗu da zafi. Sabili da haka ne sama da shekara 100 ke nan manyan kamfanoni da cibiyoyin bincike na duniya ke zuba kuɗi wajen neman hanyar gashi wadda za ta ba da ƙarfi ba tare da ta cinye riba ba.

Roba Iri Biyu Ce

Roba ta kasu gida biyu. Akwai wadda ke narkewa idan ta ji wuta, ta sake daskarewa idan ta huce, kamar kakin zuma. Da ita ake yin bokiti da leda da jarka da kujeru, kuma irinta ce masana'antar Eleme da ke Jihar Ribas ke fitarwa. Ana iya niƙa ta a sake zuba ta, shi ya sa 'yan jari-bola ke sayenta.

Kashi na biyu kuwa tana farawa ne a matsayin ruwa mai kauri kamar zuma, ko kuma gari. Idan aka gauraya ta da sinadarin ƙamarwa, ko aka ba ta zafi, sai ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta su shiga ƙulluwa da juna ta kowace fuska, har dukan kayan ya zama tamkar raga guda ɗaya. Daga nan ba ta sake narkewa, idan wuta ta yi mata yawa sai dai ta babbake ta zama gawayi. Misalinta shi ne yumɓu, wanda da zarar an gasa shi ya zama tukunya, ruwa ba ya mai da shi laka. Wannan ƙulluwa ita ake nufi da gashi a wannan bayani, ko da yake a wasu lokuta ba a kai kayan tanderu. Tushen dabarar ya koma ga Charles Goodyear na Amurka, wanda a shekarar 1839 ya gano cewa ɗanyen danƙo yana daina narkewa a rana idan aka dafa shi da farar wuta.

Idan aka jiƙa zaren gilashi ko zaren kabon da irin wannan ƙaro aka gasa su tare, ana samun abin da ke gogayya da ƙarfe wajen ƙarfi amma bai kai shi nauyi ba. Kwale-kwalen faiba da fukafukan jiragen sama na zamani duk daga nan suka fito. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, ƙaron kuma ya riƙe zaren a wurinsa. To amma zaren yana jure zafin ɗaruruwan digiri, ƙaron ne kullum ke fara sarewa. Ma'ana, iyakar zafin da kayan za su ɗauka ita ce iyakar ƙaron da aka gasa a cikinsu.

Matsalar Kumfa

Tun a shekarar 1872 masanin kimiyyar nan na Jamus, Adolf von Baeyer, ya lura cewa idan aka haɗa sinadarin fenol da dangin aldehaid ana samun wani abu mai danƙo da ke manne wa kwalaben gwaji. Masu bincike sun shafe fiye da shekara 30 suna ƙoƙarin mai da shi abin sayarwa, amma abu ɗaya ya riƙa kayar da su. Yayin da ƙaron ke ƙamewa yana fitar da ruwa, idan zafi ya haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyas sai ruwan ya tafasa a cikinsa, kayan su fito da kumfa kamar soso, ga gautsi.

Wanda ya warware matsalar shi ne Leo Baekeland, haifaffen ƙasar Beljiyam da ke zaune a garin Yonkers kusa da birnin New York. A shekarar 1907 ya raba gashin zuwa mataki uku, ta yadda za a iya tsayar da shi a tsakiya, a niƙa ƙaron a sayar da shi a matsayin gari, sannan mai masana'anta ya ƙarasa aikin. Mataki na ƙarshe kuwa yana yinsa ne cikin wata tukunyar ƙarfe rufaffiya a zafin da ya kai kimanin digiri 150, ƙarƙashin matsi mai ƙarfi wanda ke hana ruwan tafasa. An ba shi takardar mallakar wannan dabara a watan Disamba na 1909, ya kafa kamfaninsa a 1910, daga baya kamfanin Union Carbide ya saye shi a 1939. Kayansa, wato Bakelite, sun mamaye kasuwar tarho da rediyo da kayan lantarki na wancan zamani.

Abin lura ga 'yan kasuwa a nan shi ne, Baekeland bai gano sabon sinadari ba, domin kowa ya san fenol da fomaldihaid kafin shi. Abin da ya mallaka, ya kuma yi arziki da shi, shi ne hanyar gashi.

Zuwan Efoksi

A ƙarshen shekarun 1930 da cikin shekarun 1940, Pierre Castan a ƙasar Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka, kowanne a nasa ɓangare, suka fito da ƙaron efoksi. Kamfanin Ciba ya fara tallarsa da sunan Araldite a shekarar 1946, sunan da har yau masu gyare-gyare suka san shi da shi. Fifikon efoksi shi ne ba ya fitar da ruwa yayin ƙamewa, kuma ba ya tsukewa sosai, saboda haka ba dole sai an matse shi don gudun kumfa ba.

Efoksi ne ya fito da wata ƙa'ida fili wadda ta shafi kusan kowane ƙaro. Kowane gasasshen ƙaro yana da wani matakin zafi inda yake barin taurinsa ya yi laushi kamar fata. Wannan matakin laushi yana bin zafin da aka gasa kayan da shi ne sau da ƙafa, yawanci ba ya haura shi sai da kaɗan. Efoksin da aka bari ya ƙame a zafin ɗaki yakan fara laushi tsakanin digiri 50 zuwa 60. Wanda aka gasa a digiri 120 yakan riƙe ƙarfinsa har wajejen nan, na jiragen sama kuwa da ake gasawa a digiri 180 yakan kai kusan digiri 200. Dalili ke nan da ya sa ake yi wa kaya gashi na biyu, wato bayan an fitar da su daga mazubi a sake mai da su tanderu na wasu awanni domin sauran ƙwayoyin da ba su ƙullu ba su ƙullu. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake shafa wa ƙananan jiragen sama na faiba farin fenti, domin baƙin fenti a tsakar rana yana iya kai zafin jikin jirgin matakin laushin ƙaronsa.

Har ila yau gashin da kansa yana fitar da zafi. Idan kaya na da kauri aka kuma hura masa wuta da gaggawa, cikinsa na iya ƙonewa alhali bayansa bai nuna ba. Saboda haka masana'antu ke ƙara zafi sannu a hankali, digiri 1 zuwa 3 a minti guda, su tsaya a wasu matakai, su kuma sauke shi da irin wannan natsuwa. Jadawalin hawa da sauka da tsayawar nan yana cikin abubuwan da kamfanoni ke ɓoyewa daga abokan hamayyarsu.

Idan Zafi Ya Haura Digiri 200

Injin jirgin sama da makamai masu linzami da kumbunan sama jannati suna buƙatar abin da ya fi ƙarfin efoksi. A shekarun 1960 kamfanin DuPont ya fito da Kapton, wata leda ta dangin foliyimaid mai jure sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri da zafin digiri 400. Amma yin kaya masu kauri da wannan dangi ya ci tura, domin tsohuwar matsalar Baekeland ta dawo: ƙaron na fitar da ruwa da tururi daidai lokacin da yake ƙamewa.

A farkon shekarun 1970, Tito Serafini da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Lewis ta hukumar NASA da ke Cleveland, wadda aka sake wa suna Glenn a 1999, suka samo mafita da wani ƙaro mai suna PMR-15. Dabararsu ita ce a raba aikin biyu. Da farko a kan ɗumama kayan a kimanin digiri 200 har ruwa da sauran tururi su gama fita tun ƙaron yana da taushi, sannan a matse shi a kai zafin digiri 316 inda zai ƙullu. Kayan da aka yi ta haka suna aiki na dogon lokaci a zafin da ya kusa digiri 300, kuma kamfanin General Electric ya yi amfani da su a bututun iskar injinsa na F404. Sai dai ɗaya daga cikin sinadaran ƙaron, wanda ake kira MDA, yana cutar da hanta, ana kuma zarginsa da haddasa ciwon daji. A shekarar 1992 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta kafa tsauraran dokoki a kansa, abin da ya ƙara kuɗin sarrafa shi, ya kuma tilasta neman madadinsa. Ɗaya daga cikin madadin shi ne RP-46, wanda Ruth Pater ta cibiyar Langley ta ƙirƙiro.

Tsakanin efoksi da foliyimaid akwai ƙaron da ake kira BMI, wanda ake gasawa kusan yadda ake gasa efoksi, sannan a yi masa gashi na biyu a wajejen digiri 230. Da shi aka yi sassa da dama na jiragen yaƙin F-22 da F-35. Akwai kuma ƙaron fitalonaitiril wanda Teddy Keller ya daɗe yana aiki a kansa a cibiyar binciken rundunar sojan ruwa ta Amurka tun shekarun 1980. Wannan ƙaro yana da wuyar kama wuta ƙwarai, yana kuma jure zafi fiye da digiri 300, amma idan aka bar shi shi kaɗai yakan ɗauki kwanaki a tanderu kafin ya ƙame. Ƙara masa ɗan sinadarin amin ne ya rage lokacin zuwa awanni, ya mai da shi abin da masana'anta za ta iya ɗauka. A shekarun 1990 kuma Hatsuo Ishida na Jami'ar Case Western Reserve ya farfaɗo da ƙaron benzoksazin, ɗan uwan fenol wanda ba ya fitar da ruwa, kusan ba ya tsukewa, kuma ana iya ajiye shi ba tare da firji ba.

Tukunyar Matsi Da Kuɗinta

Magajiyar tukunyar Baekeland a yau ita ce babbar tukunyar matsi da ake kira otokilef. Akan shimfiɗa zaren kabon da aka riga aka jiƙa da ƙaro a kan mazubi, a rufe da leda a zuƙe iskar ciki, sannan a tura cikin tukunyar. A nan za a cika ta da iskar naitirojin don gudun gobara, a kai matsin ninki 6 zuwa 7 na matsin iskar da ke kewaye da mu, a riƙe zafin digiri 180 na kimanin awa 2. Idan aka haɗa da hawa da sauka, zubi ɗaya na cin mafi yawan yinin aiki. Sakamakon shi ne kayan da guraben iskar da ke cikinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, abin da masu ƙera jiragen sama ke bukata ke nan.

Ta wannan hanya aka ƙera jirgin Boeing 787 da ya fara jigilar fasinja a 2011, wanda rabin nauyin jikinsa gamin zare da ƙaro ne, da kuma Airbus A350 da ya fara aiki a 2015, wanda nasa ya kai kashi 53 cikin 100. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Cibiyar da Boeing ya buɗe a garin Everett a shekarar 2016 domin fukafukan jirgin 777X ta ci fiye da dala biliyan 1, kuma kowace tukunya a cikinta ta kai tsawon ƙafa 120 da faɗin ƙafa 28. Bugu da ƙari, jiƙaƙƙen zaren sai an ajiye shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga masana'anta har zuwa ranar aiki, in ba haka ba zai fara ƙamewa a hanya.

Neman Hanyar Da Ta Fi Araha

Yawancin binciken shekaru 30 da suka wuce ya karkata ne ga yadda za a rabu da wannan tukunya. Hanyar da ta fi samun karɓuwa ita ce a yi amfani da tanderu na yau da kullum tare da zuƙe iska kawai. Domin haka aka ƙirƙiro zaren da ba a jiƙa shi duka ba, an bar wasu busassun hanyoyi a tsakiyarsa inda iska za ta bi ta fita kafin ƙaron ya malala ya rufe su. Wata dabarar kuma ita ce a shimfiɗa busasshen zare, sannan a zuƙo ruwan ƙaro ya ratsa shi. Ta haka Rasha ta yi fukafukan jirginta na MC-21 wanda ya fara tashi a 2017. A shekarar 2018 takunkumin Amurka ya datse wa kamfanin da ke yin fukafukan hanyar samun zare da ƙaro daga waje, sai a watan Disamba na 2021 jirgin ya tashi da fukafukan da aka yi da kayan gida. Canza ƙaro yana nufin sake tsara jadawalin gashi da sake gwaje-gwaje tun daga farko, shi ya sa abin ya ci shekaru.

A farkon shekarun 1990 kamfanin Aerospatiale na Faransa ya fara gasa kwanson injin roka ta hanyar harba masa ƙwayoyin lantarki, ba tare da tanderu ba. Hanyar tana da sauri, amma injinta na da tsada, yana kuma buƙatar ɗaki mai katangar kankare mai kauri don kare ma'aikata. A Jamus an gwada zafin maikurowef, wanda ke ɗumama kayan kai tsaye maimakon ya ɗumama iskar tanderu, sai dai zaren kabon yana ɗaukar lantarki, saboda haka bakinsa kan yi tartsatsi idan ba a rufe shi da kyau ba. Gashi da hasken fitila na musamman kuwa yana aiki ne ga zaren gilashi mara kauri kaɗai, domin haske ba ya ratsa baƙin zaren kabon.

Masu ƙera motoci ba su da haƙurin jiran awanni. Motar BMW i3 da ta fito a 2013 an yi gangar jikinta ne da zaren kabon wanda ake tura wa ƙaro da ƙarfi cikin zazzafan mazubi, ya ƙame cikin mintoci. A shekarar 2018 kuma Scott White da Nancy Sottos da Jeffrey Moore na Jami'ar Illinois, tare da abokan aikinsu, suka nuna wani ƙaro da ake taɓa gefensa da zazzafan ƙarfe kawai, sai zafin da gashin ke fitarwa ya riƙa kunna na gabansa har ya ratsa dukan kayan, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa. Wutar lantarkin da wannan ke ci ba ta taka kara ta karya ba, amma ƙaron da aka yi gwajin da shi bai kai foliyimaid jure zafi ba ko kusa.

Wani lokaci doka ce ke sauya hanyar gashi. Daga watan Yuli na 2006 Tarayyar Turai ta hana amfani da dalma a yawancin kayan lantarki. Tsohon gamin dalma da kuza yana narkewa ne a digiri 183, sabon kuwa sai wajen digiri 217, saboda haka tanderun haɗa fanel ya koma aiki a digiri 245 zuwa 260. Alluna da yawa da aka gasa da tsohon sinadarin ƙamarwa suka riƙa ɓamɓarewa, dole masana'antu suka koma ga efoksin da ake ƙamarwa da fenol. Allon da aka saba da shi yana laushi a digiri 130 zuwa 140, mai tsadar kuwa sai 170 zuwa 180, alhali a ido dukansu koraye ne.

Inda Abin Ya Shafi Kasuwarmu

Takalmin birki shi ne misali mafi kusa. Ana matse garinsa da ƙaron fenol cikin zazzafan mazubi a kimanin digiri 150 na 'yan mintoci, sannan a kai shi tanderu na awanni a zafin da ya fi haka. Mataki na biyun nan ne ke cin wuta da lokaci, shi ne kuma mai son kai zai iya tsallakewa ba tare da an gane ba. Takalmin da bai gasu ba yakan kama yadda ya kamata a cikin gari, amma idan tirela ta ɗauko kaya ta kama doguwar gangara birkin ya yi zafi, sai ƙaron ya yi laushi ya shiga fitar da hayaƙi tsakanin takalmin da ƙarfe, birki ya ƙi ci. Asarar da ke biyo baya ta wuce kuɗin takalmin nesa ba kusa ba.

Haka abin yake ga masu naɗin kwayil. Abin da ke rufe waya yana da aji-aji: ajin B digiri 130, ajin F digiri 155, ajin H digiri 180. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar aji yana rage rabin rayuwar naɗin. Ƙaron da aka yi domin tanderu, idan aka shanya shi a rana kawai, samansa zai bushe amma cikinsa ɗanye ne, kuma injin ba zai kai ajin da aka rubuta a gwangwanin ba.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa tasiri. Lokacin aiki da ake rubutawa a jikin gwangwanin ƙaro yawanci an auna shi ne a zafin digiri 23 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage shi da kusan rabi. Ƙaron da aka ce zai ba da awa guda kafin ya ƙame, a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zai iya ƙamewa a cikin kwano kafin rabin awa. Kwantenar da ta daɗe a rana a tashar Apapa tana cin kwanakin ajiyar kayan da ke cikinta tun ba a buɗe ta ba. A Legas da Fatakwal kuwa damshin iska kan haɗu da sinadarin amin ya bar maiƙo a saman efoksi, wanda ke hana shafi na gaba kamawa.

Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu tsakanin ma'aikata, wato ƙara sinadarin ƙamarwa domin aiki ya yi sauri. A efoksi ma'aunin ƙayyadadde ne, abin da ya yi rara ba ya samun abokin ƙulli, sai ya zauna cikin kayan ya rage musu tauri da jure zafi. A ƙaron foliyesta na masu aikin faiba, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, kuma haɗa wannan sinadari kai tsaye da ruwan kobal mai hanzarta shi yana iya tayar da gobara nan take. Bai kamata a jera su wuri ɗaya a shago ko sito ba.

Ɓawon Kashu

Nijeriya tana da wata dama a wannan fanni wadda ba a cika magana a kanta ba. Ɓawon kashu, wato yazawa, yana ɗauke da wani baƙin mai mai ƙuna wanda asalinsa dangin fenol ne. Shekaru da dama ke nan ana gasa wannan mai a niƙa shi a zuba cikin garin takalmin birki domin ya daidaita kamun birkin. Daga cikinsa kuma ake tace sinadarin kadanol, wanda kamfanoni irin su Cardolite na Amurka ke sarrafawa ya zama sinadarin ƙamar da efoksi mai aiki ko da a kan ƙarfe mai damshi, abin da ya sa masu fentin jiragen ruwa da tankunan mai ke nemansa. Ana kuma yin ƙaron benzoksazin da shi.

Jihohin Kogi da Oyo da Kwara da Inugu suna noman kashu mai yawa, amma mafi yawansa ana fitar da shi ne da ɓawonsa zuwa Biyetnam da Indiya, inda ake fasa shi. Wato tare da ƙwayar ana ba da man ɓawon ma. Dokar shigar da 'yan ƙasa cikin harkar man fetur ta shekarar 2010 ta buɗe kasuwar fenti da bututu da sauran kayan aikin mai ga masana'antun gida, kuma waɗannan kaya ne da ke cin irin wannan sinadari. Mai fasa kashu da ya ƙara injin matse ɓawo ya samu hanyar shiga ta biyu daga abin da a da yake ƙonawa ko zubarwa, ko da yake tace man ya kai matsayin da masana'antun fenti za su karɓa yana buƙatar jari da ƙwarewa na daban.

Abin Da Mai Saye Zai Nema

Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta, amma gasasshen ƙaro sai da na'ura ake gane shi. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin tauri da ake kira Barcol, wanda ake danna wa kayan faiba a karanta lamba nan take. A ɗakin gwaji kuma akwai na'urar da ke ɗumama ɗan ɓarɓashin kaya ta auna ko akwai sauran zafin gashi da bai fita ba, ta kuma nuna matakin laushinsa. Ko goga tsumma mai asiton a kan kayan foliyesta yana tona wanda bai nuna ba, domin samansa zai yi danƙo.

Saboda haka ɗan kasuwar da zai yi odar takalmin birki ko fanel ko bututun faiba ko gangunan ƙaro, ya kamata ya nemi takardar bayanin kayan, ya duba matakin laushi da zafin da aka amince su yi aiki a ciki, da ranar da aka yi su, da yanayin da ake so a ajiye su. Ya tambaya a rubuce ko an yi musu gashi na biyu, a wane zafi, na awa nawa. Takardar SONCAP da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ke nema tun shekarar 2005 tana da muhimmanci wajen shigo da kaya, amma ba ta hana mai odar ya cire samfuri daga kowace kwantena ya kai ɗakin gwaji kafin ya biya cikon kuɗi ba. Wanda kuma ke shirin kafa ƙaramar masana'anta, sai ya sa kuɗin tanderu mai ma'aunin zafi da wutar da ba za ta yanke a tsakiyar gashi ba cikin lissafin jarinsa tun daga farko, domin zubin da wuta ta ɗauke masa a rabin hanya ba kasafai yake komawa daidai ba.